Fari a Bakin Wutsiya

Kifin yana kwance a kan fa, yana buɗe baki yana rufewa, ruwan jikinsa na bin tsagar dutse yana komawa rafi. Arlis Tidmore ya durƙusa a kansa da gwiwa ɗaya. Ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya sake shafawa, sannan ya ɗaga shi da hannu biyu ya jinjina.

"Verna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar wani zai ji ya ƙwace. "Wannan ya haura laba biyu. Duba mini idonsa."

"Ja ne, Baba."

"Ja na gaske?"

"Ja ne."

A nan ba ta yi ƙarya ba, idon ja ne. Amma Verna ta yi shekara goma sha bakwai tana aikin tantance kifaye a wani ofishin jiha da ke birnin Montgomery, kuma tun kifin bai gama fitowa daga ruwa ba ta san abin da mahaifinta ya kamo.

Jan-ido ba ya ɓuya ga wanda ya san shi. Ɗan ƙaramin kifi ne na ƙoramun dutse masu sanyi, faɗansa ya fi jikinsa, kuma sai ya daɗe a duniya kafin ya kai laba ɗaya, wato kusan rabin kilo. Fikafikansa na baya jajaye ne kamar gasasshen bulo. A bayan idonsa akwai ɗan fari mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Kumatunsa kan ɗauki shuɗi idan rana ta haska su. Sai kuma wutsiya, wadda ita ce shaidar da ba a musu da ita: sama da ƙasa bakinta fari ne, kamar an tsoma a madara. Arlis da kansa ya koya mata wannan tana 'yar shekara bakwai, a wannan rafi na Mulky, ya kama yatsanta ya bi da shi a kan farin.

Wannan kuwa fikafikansa kore ne mai duhu, baƙin zane ya bi tsawon jikinsa, ɗige-ɗige sun jeru layi-layi a ƙasan cikinsa. Mai-ɗigo ne, irin wanda ke haurowa daga tafkin madatsar ruwa idan ya cika. A tafki kullum ana kama waɗanda suka fi shi, ba mai ko waiwayowa.

"Wutsiyar fa?" in ji Arlis. "Akwai fari a bakinta?"

Ta dubi fuskarsa. Shekara biyu ke nan tsakiyar ganinsa ta mutu. Yana ganin gefe-gefe, inuwa da motsi, amma duk abin da ya zuba wa ido sai ya zama baƙin tabo, likita kuma ya ce ba gyara. Tun da suka binne mahaifiyarta bai ƙara taɓa sandar fatsa ba sai yau, bayan ta yi wata guda tana lallashi. Ita ta riƙe masa bel ta baya suka gangaro, ita ta ɗaura masa koto a ƙugiya, ita ta ce ya jefa dama, gindin kututture. Yanzu ga shi a durƙushe, wando jiƙe har cinya, kumatunsa sun yi jini a karon farko cikin wata goma sha huɗu.

"Akwai," ta ce.

Kalma ɗaya ce, ta fita kafin ta auna ta. A zatonta zai yi dariya, ya sumbaci kifin, su mayar da shi ruwa, maganar ta bi rafi.

"Mu sake shi, Baba, kada ya galabaita."

"Sake shi? Kin yi hauka? Kawo kular ƙanƙara. Shagon Hollis za mu."

A garin Ledford, shagon Hollis Crumpton ne wurin sayen koto da fetur da burodi, kuma nan ake jin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona. A bangon bayan kanta akwai allon katako na ƙungiyar masuntan garin, inda ake rubuta wanda ya kama jan-ido mafi girma a rafin Mulky. Shekara ashirin da shida suna ɗaya ne a sama: Buell Gantt, laba biyu da oza ɗaya.

Buell ɗin kuwa yana zaune a bencinsa na kullum kusa da firjin lemo, ya miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Shi da Arlis sun yi shekara talatin tare a injin yankan katako, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya kalma mai daɗi. Buell ne ya ɗauki gaban akwatin gawar mahaifiyar Verna, amma ko a ranar sai da ya ce wa Arlis ya ɗaure wuyansa da nakatai kamar akuyar da za a kai kasuwa.

"Ga makaho da 'yar jagorarsa," Buell ya ce da suka shigo. "Me ka kamo yau, Arlis? Tsohon takalmi?"

"Na kamo abin da zai sauko da sunanka daga bango, tsohon jaki. Hollis, goge sikelinka."

"Ka tabbata ba ƙafar Verna ka maƙale da ƙugiya ba?"

Maza uku da ke shan kofi a gefe suka yi dariya, suka matso. Hollis ya buɗe kular, ya ɗora kifin a sikeli, allura ta yi rawa ta tsaya.

"Laba biyu da oza shida," ya ce.

Verna ta ga lokacin da idonsa ya sauka a kan wutsiyar. Ya daɗe a can. Sannan ya ɗago ya dube ta, ita kuma ta dubi kwalayen biskit da ke kan kanta. Mutanen nan uku ma sun gani. Ɗaya ya buɗe baki, ya dubi Arlis da ke tsaye ya dafa kanta yana murmushi ga bangon da ba ya gani, sai ya mayar da bakinsa kan kofin kofi. 

Buell ya tashi da ƙyar, ya ɗingiso ya sunkuya a kan kifin. Ya juya shi da yatsa ɗaya. Rabin zuciyar Verna na roƙon ya fasa ƙwai, a huta.

Sai Buell ya cire hularsa.

"Barka, Arlis," ya ce. "Kifi mai kyau."

Nan fa aka ɓarke da tafi da bubbuga kafaɗa. Hollis ya yafito Verna da ido, ta bi shi ɗakin baya inda yake ɗaya sana'ar tasa: ya feɗe fatar kifi, ya cusa ta, ya busar, ya kafa a katako don masu son rataye abin da suka kama. Ɗakin na warin fenti da gam. Kifaye sun jeru a bango, bakuna a buɗe, idanun gilashi a waje.

"'Yar nan," ya ce bayan ya tura ƙofa, "ni da ke mun san abin da ke kan sikelin can."

"Na sani, Mista Hollis."

"Ke kika ce masa jan-ido ne?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai, ya shafa gemunsa. "Ban ga laifinki ba. Rabon da in ji ya zagi Buell da wannan ƙarfin tun uwarki na raye." Ya nuna bango. "Kin san fatar kifi in ta bushe, launi duk tashi yake yi. Duk wanda kika gani a nan, ni na mayar masa da kalarsa da burushi. To tambayata ɗaya ce. In sa farin, ko kada in sa?"



"Sai takarda." Ya zaro ta daga aljihun tebur ya miƙa mata. "Dokar ƙungiya shaidu biyu. Ni zan sa hannu. Ke ce mai ilimin abin, in sunanki na ƙasa ba mai buɗe baki. Ranar Asabar muna suyar kifi a bayan shago, a nan za a rubuta sunansa. Ki yi tunani, ba na matsa miki."

Ta ninke takardar ta sa a jaka. Sunanta yana ƙasan rahotanni fiye da ɗari a Montgomery, kuma babu ɗaya da take jin kunyar a buɗe.

Kafin yammacin Talata labari ya gama gari. Matan coci suka riƙa zuwa da kek da tukwanen wake, suna zama a falo suna sa Arlis ya sake ba su labarin yadda kifin ya ja zare ya shige ƙarƙashin kututture. Kowane bayarwa sai faɗan ya ƙara tsawo. Fasto ya biyo ya ce zai ambaci abin ranar Lahadi. Arlis ya fara aske gemunsa da kansa, yana lalube. Ya ci gurasar masara har yanka uku. Ranar Laraba da safe Verna ta ji shi yana fito a banɗaki, ta tsaya a ƙofar kicin da cokali a hannu, ta rasa abin da ke damunta a ƙirji, daɗi ne ko tsoro.

Yayanta Royce ya kira daga Texas.

"Kin ga abin da nake faɗa miki?" ya ce. "Ba wanda ya iya da shi sai ke. Ni in na zo kwana biyu sai mu yi faɗa."

"Royce, hutun mako biyu na ɗauka. Wata goma sha huɗu ke nan."

"Na sani, ƙanwata, Allah ya saka miki. Kin san yanayin aikina, ga yara ga makaranta. Ke kuwa ba ki da kowa a can."

"Shugabana ya rubuto. Ya ce sun yi iya haƙurinsu. In ban koma ƙarshen wata ba za su ba wani kujerata."

"Kai, ba daɗi. Amma dai kada ki faɗa wa Baba yanzu, ki bar shi ya more wannan farin cikin. Bari in tafi, ana kirana."

Ta ajiye wayar. Tana zaune a ɗakin da ta girma a ciki, kan gadon da ƙafarta ke wuce ƙarshensa, keken ɗinkin mahaifiyarta ya cinye rabin wurin. Akwatin da ta zo da shi yana ƙarƙashin gado, har yanzu ba ta zazzage rabinsa ba, don zazzagewa kamar amincewa ce. Ta taga kana hango tudun da ya kewaye Ledford, da hanya ɗaya tilo da ke fita. Kwanakinta duk kamarsu ɗaya: ɗigon magani a ido da ƙarfe bakwai, ƙwayoyi da takwas, karanta wasiƙu, yanka nama ƙanana, "akwai matakala, Baba," "kofinka na dama, Baba." Tana son sa. Wannan ne ya sa ba ta da wanda za ta yi fushi da shi.

Ta ciro takardar Hollis, ta ɗauki biro, ta mayar da su duka cikin jaka. Sau uku ta yi haka a ranar.

Ranar Alhamis da la'asar suna zaune a baranda suna ɓare wake a kwano ɗaya. Zafi ya sa ko karnukan maƙwabta sun yi shiru. Arlis na ɓarewa da sauri, wannan aiki ba ya buƙatar ido. 

"Buell ya cire hula, ko?" ya ce.

Hannunta ya tsaya. "Ya cire."

"Na ga motsin ta gefen ido. Kwana uku abin na ci mini rai." Ya jefa ɓawo a bokiti. "Shekara hamsin da ɗaya na san mutumin nan. Ranar da aka haife ki ya zo asibiti, ya leƙa ki, ya ce Allah ya sa kada ki ɗauko hancina. Ranar da zarto ya cire mini ɗan yatsa, cewa ya yi dama ba na amfani da shi. Shi ne ranar Litinin ya ce mini barka."

"Wataƙila ya tsufa ne, Baba."

"Da jan-ido ne, da ya ce na cusa masa dalma a ciki. Da ya ce sikelin Hollis ya fi Hollis tsufa. Da sai an farke cikin kifin a gabansa kafin ya yarda, in ma ya yarda. Buell ba ya tausayin wanda ya ci shi." Ya juyo da fuska wajenta, ɗan karkace, yadda yake yi in yana son ya kama inuwarta. "Zan sake tambayarki, Verna. Sau ɗaya. Akwai fari a bakin wutsiyar nan?"

Wata mota ta wuce a hanya, ƙurarta ta tashi ta kwanta.

"Babu, Baba. Mai-ɗigo ne."

Bai motsa ba. Wake ɗaya ya zame daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Su wa suka gani?"

"Duk wanda ke shagon."

"Hollis."

"Har da shi."

"Da fenti zai gyara mini shi, ko? In rataye a falo, in riƙa nuna wa baƙi." Ya yi wata dariya marar sauti. "Wato na tsaya a tsakiyar shago ina washe baki, maza biyar suna tafa mini kamar yaron da ya zana doki mai ƙafa uku aka ce masa ya iya."

"Na so ka yi farin ciki ne. Ban zaci za ta kai haka ba."

"Kin so." Ya ajiye kwanon a hankali. "In kika karanta mini takardar likita, ita ma so kike in yi farin ciki? In na ce rigata da tsabta? In na ce wane ne a bakin ƙofa? Ni ba ni da wani ido, Verna. Naki ne kawai. Ashe shi ma gani yake yi mini yadda ya ga dama."

 Ya tashi, ya bi bango da tafin hannu ya shige ciki. Ta ji ya yi karo da kujerar falo, ta yunƙura, sai ta koma ta zauna.

Ranar Juma'a bai ce mata komai ba sai "na gode" in ta miƙa masa abu, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ta tambaye shi ko ta kira Hollis ta ce a fasa. Ya ce kada ta kira kowa.

Asabar da hantsi ya fito cikin rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashi, ya tsaya a jikin a-kori-kurarsa wadda yanzu ita ke tuƙawa. Duk hanya ba ta san abin da ya shirya ba. Ta yi tunanin zai karɓi tafin ya haɗiye, don kada ya kunyata mutane. In haka ne, za a miƙo mata biro a gaban kowa.

A bayan shago an jera tebura a inuwar manyan itatuwa. Mai na tafasa a kasko, ana tsoma kifi da aka birkiɗa a garin masara, ga soyayyar kuɓewa, ga tulunan shayi mai ƙanƙara. Mutane sun kai arba'in. An sauko da allon an jingina a kujera, Hollis na riƙe da gwangwanin farin fenti da ɗan burushi. Da ya hango Verna ya ɗaga gira, ta girgiza kai kaɗan, ita kanta ba ta san me take nufi ba.

Fasto ya yi addu'a. Hollis ya bubbuga gwangwani da cokali, ya ce mai kifi zai ce wani abu. Arlis ya miƙe ya dafa tebur.

"Ina Buell?"

"Ga ni nan, Arlis." Muryar ta fito daga ƙarshen tebur, a sanyaye.

"Faɗa wa mutanen nan abin da na kamo."

"Ai na faɗa. Kifi mai kyau."

"Wane irin kifi?"

Buell ya gyara zama. "Babba ne. Kowa ya gani."

"Ikon Allah. Jama'a, ku ji Buell Gantt ya koyi ladabi. Me ya same ka, tsoho? Matarka ce ta kulle maka baki, ko haƙoran robar ne ba sa barin magana ta fito?"

Wasu suka yi dariya a ɗarare.

"Zauna ka ci kifinka, Arlis."

"Ko dai ka san naka na bango ma ba a rafi ka kama shi ba? An daɗe ana cewa a kasuwa ka saye shi."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Shi ya sa ka yi laƙwas. Shekara ashirin da shida kana kumbura a kan kifin kanti, yanzu makaho ya zo ya kwance maka wando a bainar jama'a, ka kasa ko tari."

Buell ya buga tebur, kofuna suka yi tsalle. Ya miƙe bai ko tuna da gwiwarsa ba.

"Mai-ɗigo ne!" ya daka tsawa. "Mai-ɗigo ka kamo, kai tsohon makaho marar kunya! Wutsiyarsa kore shar kamar ganyen kabeji, ko ɗigon fari babu! Jikata mai shekara shida ta fi ka sanin kifi! Ka je ka kwaso kifin tafki da ya ɓata hanya, ka zo kana hura mana hanci! Nawa a gindin gadar ƙarfe na kama shi, Hollis na tsaye, kai kana gefe ƙugiyarka ta maƙale a bishiya!"

 Wata mata ta rufe baki da hannu. Buell ya tsaya yana haki, fuskarsa ta fara sauyawa, kamar wanda ya farka ya ga abin da ya fasa.

Sai Arlis ya fashe da dariya. Ya yi ta har ya riƙe ciki, har hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na ji muryar mutum. Hollis, rufe fentinka. Kifin yana firji?"

"Yana nan."

"Fito da shi a soya. A ba Buell kan."

"Ba na cin abin da makaho ya kamo," in ji Buell. Ya koma ya zauna, ya cire hula yana goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa.

Dariya ta kama tebur bayan tebur. Matan coci na tambayar juna me ya faru. Hollis ya zo wucewa ta bayan Verna, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba, ta zaro takardar ta sa masa, ya dunƙule ta ya tura a aljihu. Ta ji kafaɗunta sun sauka, kamar ta sauke buhu.

Sai bayan ƙarfe uku suka kama hanyar gida. Arlis ya sauke gilashi, iska na kaɗa masa gashi, yana warin mai da albasa. Suna wuce coci ya juyo wajenta.

"Duk garin nan sun shirya su yi mini ƙarya har in mutu," ya ce. "Da kyakkyawar zuciya, na sani. Buell sai da na tsokane shi kamar kare kafin ya faɗa. Ke kuwa tambaya ɗaya na yi miki kika janye." Ya lalubo hannunta a kan giyar mota ya ɗan matsa. "Na huce. Amma daga yau, abin da ke nan shi za ki faɗa mini. Mai daɗi da marar daɗi. Ba ni da wanda zan yarda da idonsa sai ke."

Ta kalli hanya. Farin layin tsakiya na shigewa ƙarƙashin mota.

"To akwai magana, Baba."

"Faɗi."

"Ofis sun ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban koma ba, aikin ya tafi. Kuma ina son in koma."

Hannunsa ya bar nata, ya koma kan gwiwarsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara."

"Royce ya sani?"

"Ya sani. Ya ce kada in faɗa maka."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni na roƙi gaskiya," ya ce. "An ba ni."

 Ta karya kwana ta shiga hanyar gidansu, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, ta tsaya inda take tsayawa kullum ta kashe mota. Ta kai hannu za ta buɗe ƙofa ta zagayo ta kama shi.

"Zauna," ya ce. "A gidan nan aka haife ni. In za ki tafi, gara in fara koyo."

Ya sauka, ya rufe ƙofa, ya tsaya ya gyara rigarsa. Ya miƙa hannu ɗaya gaba kaɗan, ya fara takawa, kai a sama. Taku biyar na farko daidai suke. Daga nan ya fara karkata dama, kaɗan-kaɗan, ba tare da ya sani ba. Matakalar baranda na hagu. A dama akwai ramin da aka tona don gyaran bututun ruwa, wanda Royce ya ce zai cike in ya zo.

Verna ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta ƙirga takun da suka rage masa ya kai ramin. Saura shida. Saura biyar. Wataƙila ƙafarsa za ta ji ƙasa ta sauya, ya gyara da kansa. Wataƙila yana gani ta gefen ido. Saura uku.

Ta leƙa ta taga.

"Hagu, Baba. Taku biyu hagu."

Ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, bayansa gare ta. Sannan ya yi taku biyu hagu, ya tsaya, yana jiran ta faɗa masa na gaba.